Bugu Biyu a Jikin Bututun Eriya

Assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina masu bin wannan labari. Saƙonninku sun iso wayata, har da na baiwar Allah da ta rubuto daga Damagaram tana cewa in daina kewaye-kewaye in faɗi laifin da nake cewa na yi wa Hammadi. Tana da gaskiya. A makon jiya jikokina shida sun haɗa kawuna a kan waya ɗaya suna neman wasan ƙasa, suna mita cewa tashar da ta ɗauko shi sai wanda ya biya kuɗin wata. Ina zaune ina jin su, sai na tsinci hannuna yana buga cokali a jikin kofi, sau biyu, ya tsaya, ya sake sau biyu. A nan na san lokacin faɗa ya yi.

Ga wanda yau ya fara zama da mu, sunana Suwaiba. A Libreville aka haife ni, a unguwar Nombakélé, cikin gidan haya na katako mai rufin kwano. Mahaifina, Malam Abdulƙahar, Bakano ne, yana sayar da langa da kwanuka a kasuwar Mont-Bouët. Shekarata goma sha tara a 1994, shekarar da aka wayi gari aka ce an karya darajar sefa, abin da ke hannun mutum ya koma rabi ba tare da ya taɓa shi ba. Da rayuwa ta yi tsada, sai ido ya koma kan baƙi. Aka tsananta binciken katin zama, wanda muke kira kart sejur. A mahaɗar hanya a tsayar da taksi, a leƙa fuskoki, a ce wane da wane su sauko.

Hammadi mutumin Garwa ne ta arewacin Kamaru, mai gyaran rediyo da talabijin a wata 'yar rumfa a bakin layinmu. Dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci, Hausarsa da ɗan karin Fulatanci a ciki. Katinsa ya ƙare a cikin watan azumi, kuma sabunta shi ya fi ƙarfinsa. Ya riga ya turo manya wurin Baba a kaina. Baba ya ce musu ba shi da abin kushewa a halin yaron, amma ba zai ɗauki 'yarsa ya ba mutumin da mota za ta iya kwashewa gobe da safe ba. Ya gyara takardarsa, sannan a zauna.

Umma kuwa hankalinta yana unguwar Glass, wurin Farouk, ɗan wani attajiri mai shagunan yadi. Ba ta taɓa cewa dole ba. Sai dai in ina wanke-wanke ta tsaya a kaina ta ce ta ji gidan su Farouk famfo har cikin kicin. In ina guga ta ce an ce surukar gidan ba ta san nauyin dutsen guga ba. A kan rufinsu akwai babban faranti mai kamo tashoshin Turai, da ɗan akwatin da ake biya wa kuɗi duk wata, kuma Umma takan ambaci farantin nan kamar shi ne zai aure ni.

A wannan shekarar ne Gabon za ta buga gasar cin kofin Afirka karo na farko, kuma wasanta na farko da Najeriya. An yi ta raɗe-raɗi a kasuwa cewa sai masu faranti za su gani, har aka sanar cewa tashar gwamnati za ta nuna wa kowa kyauta. Farouk ya aiko ya gayyaci Baba ya je ya kalla a falonsu mai sanyi. Baba ya yi godiya ya ce ba zai samu zuwa ba. Tun da ya sayi 'yar talabijin ɗinsa mai hoto baƙi da fari, duk ranar wasan ƙasa fito da ita yake tsakar gida ya ɗora a kan tebur, kowa ya shigo, Musulmi da Kirista, ɗan ƙasa da baƙo. Ya ce wa Umma wasan da aka sa wa sunan ƙasa na mai dako ne kamar yadda yake na minista, kuma shi ba zai bar mutum arba'in a tsakar gidansa ya tafi inda mai gadi ke tambayar suna a ƙofa ba. Umma ta ce to, Allah ya ba shi ladan mutum arba'in, ita dai 'ya ɗaya gare ta.

Akwai abin da marasa takarda suka sani wanda ku ba za ku sani ba. Ranar da aka nuna wasan ƙasa kyauta, garin nan kaf yana gaban talabijin, har da masu bincike. Ana ɗauke shingayen hanya, ko a bar su ba kowa a kai. Daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe, mutumin da ya yi wata bai wuce bakin layi ba yana iya ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan. Hammadi ya shirya a kan haka. Wani ɗan garinsu, Alhaji Moustapha, mai babban shagon kayan lantarki a unguwar Lalala, ya yarda ya ɗauke shi a matsayin ma'aikacinsa ya nema masa kati, da sharaɗin zai zauna a bayan shagon ba fita har takarda ta fito. Wata huɗu, ko shida. Salif, wani direban taksi mutumin Mali, zai jira shi a bakin layi da zarar an fara wasa, ya yi ham sau uku.

Saura abu ɗaya. Eriyar gidanmu tana kan wani dogon bututun ƙarfe da ya tashi daga gefen ƙofar kicin ya wuce rufi, kuma iskar bakin teku takan juya ta, hoto ya koma yashi. Hammadi ya ce wa Baba zai hau ya daidaita ta kafin ya tafi. Baba ya ce ya ɗaure ya sauka ya kama hanyarsa, kada ya tsaya ko gaisuwa.

Ni da Hammadi mun daɗe da tsarinmu na wannan aiki. Shi yana sama ba ya ganin hoto; ni ina ƙofar kicin, ina hango talabijin ta gefe, bututun yana kusa da hannuna. In na buga da ludayi sau ɗaya, hoto ya tsaya, ya sauko. In na buga sau biyu, yana rawa, kada ya saki. A daidai saman ƙofar kuma akwai inda kwano ya ɗage kamar faɗin tafin hannu, murya tana wucewa ta nan.

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah. A shekarar ba wanda ya yi sabon ɗinki a gidanmu, amma akwai wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye da Umma ta ɗinka mini tun bara ta ɓoye a ƙasan akwati, wai sai ranar da mutanen Glass za su zo. Na ciro ta na saka, na ɗaura kallabinta, na zizara kwalli. Umma ta dube ni daga sama har ƙasa ta tambaya ko 'yan wasan suna ganin mutane ta cikin gilashin ne. Na ce sauran kayana duk suna cikin wanki. Ta ce haka ne, ai shi ya sa na sa turare.

Tsakar gida ta cika tun kafin lokaci. Maza a kan benci da buhunan wofi, mata a gefe a kan tabarma. Mai gidan hayarmu, Maman Mengue, wata ƙatuwar dattijuwa 'yar ƙasa, ta sa aka kawo mata kujerarta gaba, ta ɗaura tutar Gabon a ka kamar kallabi. Baba ya riga ya kafa mana doka tun da safe: a gidansa ba mai murna ba mai baƙin ciki, ko wa ya ci. Shi ɗan Kano ne, 'ya'yansa haihuwar nan, kuma zamanin ba na ɗaga murya ba ne.

Hammadi ya shigo da 'yar jakarsa, duk abin da ya mallaka a ciki, ya ajiye ta a gindin tsani ya hau. Bai dube ni ba, don Umma tana wurin. Na ji takunsa a kan kwano, na ji ƙarar ƙarfe na ɗan lokaci. Hoto ya yi ta yawo, sannan ya tsaya cak, fili tas, har ana ganin layin tsakiya. Mutane suka yi tafi. Alƙalin wasa ya busa. Daga bakin layi na ji ham sau uku.

"Suwaiba, zan saki," in ji shi ta ramin kwanon. "Ki duba."

Na duba. Hoton bai ko motsa ba. Ludayin yana hannuna, bugu ɗaya kawai ake bukata. Na waiga, duk tsakar gidan nan babu ido ɗaya a kaina. Har Umma, wadda ba ta san ƙwallo ba, ta miƙa wuya. Tun da Hammadi ya fara zuwa gidanmu ban taɓa yin magana da shi ba tare da wani yana ƙirga mana numfashi ba. Na tuna wata shida. Na ce a raina, minti biyar kawai.

Na buga sau biyu.

Ya ce to, ya riƙe. Ya ce tun da ba ya gani, sai in zama rediyonsa. Na fara gaya masa abin da nake gani iya sanina: wani mai farar riga ya ture mai baƙa, alƙali bai ce komai ba, wani ya buga ta tafi wurin 'yan kallo, yana riƙe kai kamar an aiko masa da rasuwa. Ya yi ta dariya ƙasa-ƙasa, ya ce da a gidan rediyo nake da an kore ni tun kafin hutu. Na ce mutumin da ƙasarsa ba ta ma samu zuwa gasar ba ba shi da bakin magana. Ya ce wannan kuma bugu ne a ƙasan ciki, a ba ni jan kati.

Da Najeriya ta ci ta farko, tsakar gida ta yi wani irin nishi. Baba kuwa sai tari ya kama shi, babban yatsan ƙafarsa yana rawa a cikin takalmi. Maman Mengue ta juyo ta ce masa da Faransancinta, Papa Abdou, ka yi dariyarka kafin ta fasa maka ciki, ba zan ƙara maka kuɗin haya ba. Baba ya ce ƙura ce ta shige masa maƙogwaro. Ta ce a wannan damina, ƙurar daga Kano aka aiko masa.

Ham sau uku ya sake tashi. Hammadi ya tambaya ko hoton ya lafa. Na buga sau biyu.

Sai ya ce bari shi ma ya zama rediyona, ya gaya mini abin da yake gani daga sama. Ya ce babban titi babu mota ko ɗaya, wani kare ya kwanta a tsakiyarsa yana barci. Rufin gidaje har iyakar gani, kowanne da eriyarsa, wata ta kirki, wata an haɗa ta da murfin tukunya. Can ga teku, da jiragen ruwa biyu a tsaye. Ya ce in aka kusa ci, ihun yana tashi daga kowace unguwa a lokaci guda, kamar garin baki ɗaya gare shi. Ya ce shekararsa huɗu a Libreville, sai yau ya ga garin ya ɗauke ido daga kansa, har ya ji yana son sa.

Na tambaye shi abin da zai riƙa yi a bayan shago wata shida. Ya ce zai gyara rediyon mutane, ya saurari ruwan sama, ya koyi haƙuri. Ya ce a gidansu na Garwa akwai bishiyar mangwaro da mahaifiyarsa ke zama a ƙarƙashinta tana tsince shinkafa, kuma ya rubuta mata cewa ta matsa gefe kaɗan, akwai mai zuwa. Na jingina goshina da bututun, ƙarfen da ɗumin rana a jikinsa.

A hutun rabin lokaci mutane suka tashi shan ruwa, na shige kicin na yi kamar ina juya miya. Baba ya wuce ta gaban tsani bai lura da jakar ba. A zatonsa Hammadi ya daɗe a Lalala. Da aka dawo, Salif ya yi ham na ƙarshe, mai tsawo, na mutumin da ransa ya ɓaci.

"Suwaiba," in ji Hammadi. "Yanzu fa?"

Ku da kuke karantawa, kada ku nema mini uzuri. Na ji ham ɗin, na san ma'anarsa, na san abin da ke jiran sa a hanya in aka tashi. Na buga sau biyu. Muka ji motar ta tashi ta tafi.

Ya ce ba komai, zai sami wata kafin a gama. Na ce eh, saura lokaci. Mu duka biyu muka bar maganar a nan, muka koma kan sunan da za a sa wa rumfarsa in ya dawo, da launin labulen da nake so. Najeriya ta ƙara ta biyu, ta ƙara ta uku dab da tashi. Maman Mengue ta kwance tutar daga kanta ta ninke ta a cinya. Aka busa. Ban san minti casa'in gajere ne haka ba sai ranar.

Mutane suna fita rai a ɓace, Hammadi ya sauko. Baba yana naɗe wayar talabijin, ya ɗago ya gan shi, hannunsa ya tsaya.

"Har yanzu kana nan?"

"Iska ce, Baba. Eriyar ta ƙi tsayawa."

Baba ya dubi ganyen ayabar da ke bayan katanga, wanda ko kaɗawa ba ya yi. Ya dubi ludayin da ke hannuna. Ya ce, maza ka tafi, Allah ya tsare. Hammadi ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya waigo sau ɗaya, ba fuskata ya duba ba, atamfar ya duba, ya yi ɗan murmushi. Titi ya riga ya cika da hayaniya.

Bayan magariba aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, har ta ɗauke wa maƙwabta kwano biyu. Baba ya kunna labarai a ɗaki, hoto bai girgiza ba.

Da safe Salif ya zo, ya ƙi zama. Ya ce ya jira har ya gaji. Ya ce wani direba abokinsa ne ya ɗauki Hammadi bayan wasa, aka tsayar da su a shataletale kafin Lalala, aka sauke mutum uku, har da shi. Suna tsare a wani ofishi wajen bakin ruwa. Wanda aka samu mai kati da shago ya je ya tsaya masa da sunansa cikin kwana biyu ko uku, akan saurare shi. Wanda ba a samu ba, sai jirgi. Alhaji Moustapha ya ce sharaɗinsa yaro ya iso ƙofarsa, bai yi alkawarin zuwa ofishi a buɗe masa nasa takardun ba.

Umma ta yi salati, ta ce Allah ya kuɓutar da shi, kuma har zuciyarta ta faɗa. Sannan ta tuna wa Baba a hankali cewa yau Lahadi ce, mahaifin Farouk yana jiran sa cin abincin rana a Glass, tun da ya ƙi zuwa jiya. Ta ƙara da cewa duk wanda ya kai sunansa ofishin nan, shagonsa za a fara leƙawa.

Ni ban yi kuka a gabansu ba. Na fita tsakar gida, na ga tsanin yana jingine inda Hammadi ya bar shi. Ban taɓa hawa rufi ba a rayuwata, amma na tattare zanina na hau, ina so in ga abin da ya gani.

Na ga tekun, da jiragen biyu. Sannan na ga bututun. An ɗaure shi da waya mai kauri a wuri uku, an murɗe kowane ɗauri an lanƙwashe bakinsa, an kuma ja wasu wayoyi biyu zuwa ƙusoshin rufi. Na kama shi da hannu biyu na jijjiga, bai motsa ba. Mutumin da ya yi wannan ɗauri ya san ko guguwa ba za ta sa hoto rawa ba, kuma ƙarar aikinsa duk kafin busa ta farko na ji ta. Can gefe, nesa da bututun fiye da inda hannu zai kai, daidai kan ramin da ke saman ƙofar kicin, akwai kwalin da ya shimfiɗa ya zauna a kai saboda zafin kwano, ruwa ya jiƙa shi ya manne. Filayarsa tana kusa, mai jan hannu, wadda ba ya rabuwa da ita.

Na zauna a kan jiƙaƙƙen kwalin nan. Kwana na yi ina cewa na yaudare shi. Ashe tun bugun farko ya sani, ya ce to, ya riƙe.

Da na sauko, filayar a hannuna, Baba yana tsaye a gindin tsani. Ya sa babbar rigarsa ta Sallar bara, fara mai aikin ruwan toka, da hularsa ta fita, katinsa na zama yana leƙowa daga aljihun gaba. Umma tana bakin ƙofa riƙe da ƙunshin goron da za a kai Glass.

"Suwaiba. Jiya hoton ya yi rawa?"

"Bai yi ba, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya daɗe yana kallona. Ya ɗaga kai ya dubi ɗaurin wayar a saman rufi, ya ce, kamar da kansa yake magana, aikin dai mai kyau ne. Umma ta miƙo masa goron, ya karɓa ya sa a aljihun dama. Ta tambaye shi ta ina zai bi, don ta san lokacin dawowarsa. Ya taka har bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo, ya miƙo mini hannu. Na ɗauka tsawa ce za ta biyo baya, na sunkuyar da kai.

Filayar ya zare daga hannuna. Ya goge ruwan jikinta da gefen rigarsa ta Sallah, ya sa ta a aljihun hagu, ya fita, ya nufi wajen bakin ruwa.